Giya a Robar Maganin Ciyawa

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Zaman Lafiya na ƙauyukanmu da ke gundumar Saulawa, da sauran dattawan kwamiti, da liman, da fasto, da shugaban 'yan sintiri.

Assalamu alaikum warahmatullahi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da jama'ar da Allah ya ɗora maka. Yaya zafi? Yaya jiran ruwa? Allah ya saukar mana da shi lafiya.

Ni ne Tanimu mai rake, na bakin rafi. Ba sai na tsaya gabatar da kaina ba, don ni da marigayi mahaifinka mun yi gayya a gona ɗaya tun kana goye. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Wanda ke riƙe da biro maƙwabcina ne, Malam Ishaya, tsohon malamin firamare. Na ce masa ya rubuta yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata kwalliya. In ka ji magana ta yi kaushi, tawa ce, ba tasa ba.

Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka. Na farko aka ce ka tafi Ikara. Na biyu aka ce kana Maƙarfi wajen ta'aziyya. Na uku na ga motarka a ƙofar gida da idona, aka ce kana hutawa. Na zauna a kan dakali har la'asar ta yi sanyi, ko ruwa ba a miƙo mini ba. Ban zo roƙon taki ba, ko da yake rabon bara ma sunana bai fito ba, kuma na san wanda ya cire shi. Wannan maganar wata rana ce. Tun da ba a ba ni kunne a zaure ba, na sa a yi wannan takarda kofi da yawa, a karanta a masallacin Juma'a, a karanta a coci, a liƙa a tasha. Maganar rai ce, kuma ran ɗana ne.

Na ɗaya: yadda aka yi dokar giya, da hannuna a ciki.

Kowa ya tuna farkon daminar bara, da aka yi faɗa a hanyar kasuwa har aka sari mutum da adda, kuma duk waɗanda suka yi faɗan a buge suke. Aka tara mu a ƙarƙashin ɗorawa. Liman ya yi magana, fasto ya yi magana, bakinsu ya zo ɗaya. Aka yanke cewa masu dafa burkutu na unguwar hayi ba za a hana su sana'arsu ba, amma duk mai sha ya zauna can ya sha. Ba wanda zai fito da giya a jarka ko a kwalba ya ƙetaro rafi da ita. Aka sa 'yan sintiri shinge a bakin gada. Wanda aka kama, a rataya masa kwalbar a wuya a zaga gari da shi.

Ba na ɓoyewa, muryata ta fi ta kowa tashi a ranar. Ni na miƙe na ce ratayawar ma ta yi kaɗan, a haɗa da bulala. Har yanzu ban janye cewa giya haramun ce ba, kuma har in shiga kabari ba zan janye ba. Amma akwai abin da mu duka da muka zauna a ƙarƙashin ɗorawar nan muka sani, muka yi kamar ba mu sani ba.

Na biyu: su wa ke sayen giya su tafi da ita.

Alhaji, mutumin da ke iya zama a rumfar mai burkutu da rana tsaka, ya miƙe ƙafa, ya sha a ƙwarya kowa na gani, wannan dokar ba ta taɓa shi ba ko kaɗan. Dama can a nan yake sha. Wanda ke saye ya tafi da ita shi ne wanda ba ya iya bari a gan shi a wurin. Magidanci ne mai tsayawa a sahun masallaci. Ko kuwa mai ɗaga murya a ƙungiyar waƙar coci. Su ne masu aike, su ne masu bi ta bayan gida da kwalba a cikin buhu. Muka ce musu su je su zauna su sha a bainar jama'a, alhali mun san gara a yanka su da su yi haka. Muka ɗauka za su daina. Wasu ƙila sun daina, Allah ya ƙara shirya su. Saura ba su daina ba, hanya suka sake.

Na uku: hanyar da suka sake.

'Yan sintiri suna buɗe kowace jarka a bakin gada. Jarkar fetur suna buɗewa, ta manja suna buɗewa, har tulun mata suna leƙawa. Abu ɗaya ne ba sa so su taɓa, shi ne robar maganin feshi, wannan mai ƙona ciyawa. A ƙasar nan wane manomi ne ba ya yawo da ita ɗaure a bayan mashin? Daga shuka har noman rani, kowa da tasa. In an tsayar da kai, ɗan sintiri zai kwance murfin, ya kai hanci nesa-nesa, da ya ji warin magani ya bugi hancinsa sai ya kau da kai ya ce wuce.

To masu sha suka gane haka. Suka koma zuba giya a robar magani. Da farko, an ce mini, suna wanke ta da toka da ruwan zafi. Sai aka kama mutum biyu, don robar ta wanku sosai, warin giyar ya fito. Aka zaga gari da su, yara na bin su da ihu. Tun daga ranar aka daina wankewa da kyau. Da gangan ake barin ɗan saura a ciki, a bar takardar jikinta yadda take, don in ɗan sintiri ya shinshina ya ji magani. Ka ji abin da muka koya musu, ranka ya daɗe. Robar da ta fi wari ita ta fi tsada yanzu. Giyar kuma tana da tsami da kauri, tana danne ɗacin, mutum ba ya jin komai sai ta sauka.

Ni ban san da wannan ba sai da ta zo kaina. Ina da tarin tsofaffin robobi a bayan rumbu, na shekara da shekaru, don ni ba na yar da abu. Sai na ga suna raguwa. Na tsare surukata Rabi, matar ɗana Haruna, na ce ita ke sayar wa 'yan gwangwan ta sayi omo. Ta rantse, na ce ƙarya take yi. Na yi mata faɗa a gaban 'ya'yanta har ta yi kuka. Baiwar Allah ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta san wanda ke ɗiba, ta zaɓi ta sha zagina da ta tona mijinta. A nan nake neman gafararta a gaban kowa, tun da a gaban mutane na ci mata mutunci.

Na huɗu: Bitrus.

Bitrus ƙanen Malam Ishaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke mana gyaran injin ban ruwa, Musulmi da Kirista, kuma ba ya ƙin fitowa ko da tsakar rana ce. A coci shi ke jan waƙa. Lokacin kaka ya kwanta da amai da gudawa. Kwana biyu bakinsa ya ɗaye, har cikin maƙogwaro, ruwa ma ba ya wucewa. Aka kai shi Ikara, ma'aikacin lafiya ya duba bakin ya tambaya ko ya sha maganin ciyawa ne. Bitrus ya girgiza kai. Aka wuce da shi Zariya. Na je duba shi sau ɗaya, kuma ban ƙara iya komawa ba. Mutum ne ƙato, amma yana jan numfashi kamar wanda aka danne wa ƙirji da buhun masara, idonsa a buɗe, yana gane kowa. Ya fi mako a haka kafin ya cika.

Ka san abin da gari ya ce? Aka ce Bitrus ya sha magani ne don ya kashe kansa. Aka ce matarsa ce ta ishe shi. Matar nan har yau ba ta iya zuwa rijiya sai in ba kowa. Sai bayan an yi makoki Malam Ishaya ya shiga ɗakin ƙanensa yana tattara kaya, ya tarar da robar magani a bayan tukunya, rabinta burkutu. Bitrus ya gwammace a ce bai san abin da ya same shi ba da ya faɗa wa likita a gaban 'yan cocinsu cewa giya ya sha. Da ya faɗa a ranar farko, ko da an yi wani abu, Allah ne masani.

Da na zo nan a maganata, Malam Ishaya ya ajiye biro, ya ce, “Malam Tanimu, wannan ba ta rubutuwa.” Na ce masa, “Malam, ɗauki abinka. Ƙanenka ya riga ya tafi, nawa ɗan yana nan yana yawo a kan mashin.” Ya ɗauka. Da yardarsa sunan ya fito.

Na biyar, kuma ita ta fi mini nauyi.

Ɗana Haruna yana shan giya. Na faɗa. Shekarata saba'in da wani abu ban taɓa furta wannan da bakina ba, ko ga uwarsa kafin ta rasu. Ya kai shekara arba'in, 'ya'yansa biyar, shi ke riƙe da gonata tun da gwiwa ta hana ni sunkuyo. Ba ya faɗa, ba ya zagi, bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba. Na daɗe da sani. A da, ranar kasuwa yakan dawo da kwalba a cikin buhu, ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa, ya yi barci, da asuba ya fito ya kama aiki. Ni kuma in yi kamar ban gani ba, in yi ta roƙon Allah ya shirya shi. Da na miƙe a ƙarƙashin ɗorawa ina cewa a haɗa da bulala, shi nake nufi. Na ɗauka tsoro zai yi mini abin da na kasa yi da bakina.

Wata biyu da suka wuce, muna ban ruwan tumatir a fadama. Hantsi ya yi, na ji injin yana ta aiki amma ruwa ya cika kwamin tumatir ɗaya yana malala, ba mai juya shi. Na dogara sanda na sauka. Na tarar da Haruna a durƙushe cikin rake yana amai, gumi ya jiƙe masa riga, miyau na zuba. Kusa da shi ga roba, irin tawa ta bayan rumbu, har da igiyar da na ɗaura mata da hannuna. Na ɗauka na kai hanci. Na ji magani, na ji giya, duka biyun a baki ɗaya.

Alhaji, na ga fari, na ga kwalara, na binne 'ya'ya uku suna ƙanana. Amma ban taɓa ganin rana irin wannan ba. Bakin Bitrus kawai nake gani. Na yi ta ƙwala kira har masu aiki a gonar maƙwabta suka zo, aka ɗora shi a mashin, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya yana riƙe da shi. A asibiti ni na faɗi gaskiya, yana kwance yana ƙifta mini ido in yi shiru. Na miƙa musu robar. Aka yi masa wankin ciki da ƙarin ruwa, ya kwana huɗu. Suka ce ya yi sa'a, kurɓa kaɗan ya yi cikinsa ya dawo da ita. Suka kuma ce sa'ar nan ba ta cika zuwa sau biyu ba.

Da muka dawo gida ya durƙusa a gabana ya ce, “Baba, na tuba, ba zan ƙara ba.” Na yarda, don ina so in yarda. Na kwashe duk sauran robobin na fasa su da gatari na binne. Na yi wata guda ina barci.

Ranar kasuwar da ta wuce ya dawo da yamma, na ga sabuwar roba ɗaure a bayan mashin ɗinsa. Na tambaye shi ta mece ce. Ya ce, “Magani ne, Baba, na saya tun da wuri kafin ya yi tsada.” Na ce ya kawo in gani. Ya ce zai kai wa abokinsa ajiya, ya tayar da mashin ya fita. Ƙila gaskiya ya faɗa. Wallahi ban sani ba. Abin da ke cina ke nan, ban sani ba. Ba ni da ƙafar da zan bi shi. In ya yi tari sai in tashi zaune. In ya ƙi cin tuwo sai in ce ya buɗe baki in duba, mutum mai furfura a gemu, kamar jariri. Rabi ta rame. Babbar 'yarsa ta fara tambayar me ya sa kakanta ke bin babanta da ido.

Ba ɗana kaɗai ba ne. Ni ba zan kira sunan kowa ba, amma ka tambayi mai kemis mutum nawa suka zo masa da gyambon baki tun kaka suna cewa zafi ne. Ka tambayi masu dafawa na hayi. Ɗaya daga cikinsu, Saratu, ta zo har gidana ta ce ita ta daina zuba wa kowa a robar magani tun mutuwar Bitrus, ko nawa za a ba ta. To sai me? Suna karɓa a ƙwarya, su zaga bayan danga su juye da kansu. Ta ce ta kai wa shugaban 'yan sintiri wannan magana, ya ce mata wanda ya sha guba shi ya so, ai ba dura aka yi masa ba.

Wannan magana ta shugaban 'yan sintiri ta tsaya mini a rai. Yaron nan ni na yi wa ubansa rakiya neman auren uwarsa. Yanzu shi ke yanke wanda ya cancanci mutuwa? Mun ce a hana su ɗauko giya. Ba mu ce a kashe su ba. Ko a shari'a, mashayi bulala ake masa ya tashi ya tafi gida, ƙofar tuba a buɗe. Wanda ya mutu da roba a hannu, yaushe zai tuba?

Ga abin da nake roƙo.

Ina roƙo a hana 'yan sintiri shinshinar roba a bakin gada, daga yau, ba sai an yi taro ba. Muddin hanci ne ke yanke hukunci, za a ci gaba da barin magani a ciki. In za a duba, a tsiyaya a ƙasa a gani da ido, kowace roba, har tawa, har ta direbanka. In suka ga robar magani ba ta ƙetarar da kowa, za su bar ta.

Ina roƙo a daina rataya wa mutum kwalba ana zaga gari da shi. Ni na goyi bayan haka, yanzu na janye, kuma ban saba janye magana ba, kowa ya san ni. Tsoron zagayen nan ne ya sa magidanci ke zaɓar guba. Wanda aka kama, a zubar da giyar, a kai shi gaban liman ko fasto a ɗaki, a kira ubansa ko yayansa, a yi masa faɗa irin na manya.

Ina roƙo a bi gida-gida a tattara tsofaffin robobin magani, a huda su a binne nesa da rafi. Masu sayar da magani a kasuwa su ma a ce su gaya wa duk mai saye ya huda in ta ƙare.

Ina roƙon liman da fasto su faɗa a fili, ranar Juma'a da ranar Lahadi, cewa ragowar maganin nan kisa yake yi, kuma duk wanda ya ji alama ya gudu asibiti ya faɗi gaskiya, ba wanda zai kai sunansa kwamiti. Fasto kuma ya wanke Bitrus a gaban jama'arsa. Bai kashe kansa ba, matarsa ba ta da laifi.

Dokar hana fito da giya kuwa, ban ce a soke ta ba, ban kuma ce a bar ta yadda take ba. Ni ba ni da ilimin da zan tsara muku. Ku ne masu karatu. Amma a sake zama, kuma wannan karon a kira matan hayi a ji ta bakinsu, don sun fi mu sanin wa ke zuwa ta bayan gida.

Ranka ya daɗe, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Da an yi ruwan shuka kowa zai sayi magani, cikin mako biyu kowane gida zai samu sabuwar roba da danshin magani a cikinta, ba tsohuwa da ta bushe a rana ba. Tsohuwar ce ta kashe Bitrus. Ka yi tunanin sabuwa. Shi ya sa ba zan iya jira sai ka huta ba.

Na san abin da wannan takarda za ta jawo mini. Haruna zai ji an karanta sunansa a masallaci. Ƙila ya daina gaishe ni. Ƙila masu neman 'yarsa su ja baya. Na auna duka, na ga gara ya yi fushi da ni yana numfashi. Daga yau ba shi da abin ɓoyewa, don ubansa ya riga ya faɗa, ko 'yan sintiri sun kama shi ba sabon labari za su kai wa gari ba. In har ba zai iya bari ba, to ya ɗauko ta a kwalba mai tsabta, ni zan tsaya a bakin gada in amsa laifin. Allah ya gafarta mini wannan magana. Haruna, kana ji, kai nake gaya wa.

Kai kuma Alhaji, in aka bar abin nan yadda yake har aka kawo mini shi a kwance, ba zan kai ka ƙara ba, ba zan zage ka ba. Zan aiko a kira ka, ka tsaya kusa da ni a sahun gaba, mu sallace shi tare, don ni da kai muka yi dokar.

Allah ya kiyaye mu da ganin wannan rana. Allah ya ba ka ikon yin gaskiya, ya tsare maka naka 'ya'yan daga abin da uba ba ya iya faɗa, ya jiƙan mahaifinka, ya shirya mana zuriya baki ɗaya. Allah ya ba iyalin Bitrus haƙuri.

An karanta mini ita daga farko har ƙarshe, maganata ce, na dangwala yatsa.

Wassalam.

Tanimu mai rake, na bakin rafi.